Gidan Kofa a Kongo: Inda Hidimar Ƙasa Take Kwana

Kongo unguwa ce a ɓangaren Tudun Wada ta Zariya da ta saba da baƙo. Tun zamanin Turawa aka keɓe Tudun Wada a bayan ganuwar Zariya domin saukar 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin birnin ba ne, kamar yadda aka keɓe Sabon Gari, a ƙetaren rafin Kubanni, ga mutanen Kudu da jirgin ƙasa ya kawo. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Kongo. A 1954 ta zama Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki, inda ma'aikatan En'e da alƙalai daga lardunan Arewa suka riƙa zuwa kwas, a 1962 kuma ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Har gobe a harabar Kongo ake karatun lauya da na sha'anin mulki, ga kuma babbar makarantar horar da malamai ta tarayya kusa da ita. Mutumin Kongo ya ga ɗalibin da ya zo da akwati ɗaya ya tafi da mata da 'ya'ya. Ya san mai biyan haya a kan kari, ya san mai sulalewa da tsakar dare.

Cikin baƙin nan akwai wanda ya bambanta da saura. Ɗalibi shi ya nemi Zariya, ya cike takarda da hannunsa. Ɗan kasuwa riba ce ta kawo shi. Wannan kuwa takarda ce kawai ta fito da sunansa da sunan Jihar Kaduna, ya yi mako uku a sansani yana fareti, ranar fita aka miƙa masa wata takardar mai sunan makarantar da bai taɓa ji ba. Shi ne mai kakin nan da farar riga da jan takalmi, wanda yara ke bi suna kiran "Kofa! Kofa!" Muna ganinsa a bakin titi yana jiran A Daidaita Sahu, muna ganinsa a rumfar zaɓe, muna ganinsa a gaban allo. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne: ina yake kwana, da wa, kuma wa ya damu?

Wanda ya sa hannu a dokar da ta haifar da wannan tsari ɗan gida ne. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, a kwalejin da ake kira Barewa yanzu ya yi karatu. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, ya bar ƙasar da mutanenta ba su yarda da juna ba. Ran 22 ga Mayu, 1973 aka kafa shirin hidimar ƙasa, NYSC, da doka mai lamba 24: duk wanda ya gama jami'a zai yi shekara guda yana aiki a jihar da ba tasa ba. Ɗaliban jami'o'i na lokacin ba su karɓe shi da hannu biyu ba, har zanga-zanga suka yi. Duk da haka rukunin farko, mutum 2,364, ya fita a wannan shekarar a ƙarƙashin shugabancin Kanar Ahmadu Ali. Yau ɗaruruwan dubbai ake turawa kowace shekara, rukuni-rukuni, ta yadda kafin waɗannan su gama waɗancan sun iso.

Kafin wannan, makarantun Arewa sun san wasu matasan masu aikin sa-kai: Turawan Ingila na ƙungiyar VSO da aka kafa a 1958, da Amurkawan da shirin Shugaba Kennedy na 1961 ya turo koyarwa. Waɗancan su suka ɗaga hannu suka ce za su zo. Na yanzu doka ce ta kawo shi, in dai bai haura shekara 30 ba lokacin da ya gama karatu, kuma takardar shaidar da zai karɓa a ƙarshe ba abin wasa ba ce: a kan batunta ministar kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye muƙaminta a Satumbar 2018. To amma doka iyakarta ta kawo mutum gari, ta sa shi dangwala yatsa kowane wata. Ba ta iya sa shi ya tsaya bayan an tashi don yaron da bai gane raba dogon lissafi ba. Wannan ɓangaren na ganin dama ne, kuma a ganina yawancinsa a gida ake yanke shi, ba a ofis ba. Wanda ya kwana da yunwa a kan tabarma, sauro ya hana shi barci, da wuya ya wayi gari da zuciyar taimakon ɗan wani.

Dokar ba ta manta da masauki ba. Wadda aka sabunta a 1993 ta ɗora wa ma'aikatar da aka tura mata kofa nauyin ba shi wurin kwana, in babu ta biya shi aƙalla naira 250 a wata a madadinsa, da naira 150 ta mota. Waɗannan alƙaluma suna nan a rubuce ba a taɓa su ba, alhali naira 250 yau ba ta sayen mudun garin kwaki. Makarantu kaɗan ne ke da ɗakin da za su bayar. Wasu shugabannin makarantu, da sun ga takarda, tambayar farko ita ce, "Kana da wurin zama?" In ya ce babu, sai a rubuta masa cewa ba a buƙatarsa, ya koma ofis da jakarsa a kai neman wani wurin. Mai gidan haya kuwa a unguwar ɗalibai kuɗin shekara yake so dunƙule, ga kason dillali, alhali baƙon nan ko alawin wata biyu bai gani ba.

Daga wannan giɓi aka sami abin da ake kira gidan kofa. Wani na makaranta ne, tsohon gidan malamai ko ɗakin ajiya da aka share. Wani haya ce ta karo-karo, mutum shida ko takwas su haɗa kuɗi su kama ɗaki biyu ko uku a Kongo, ko Gyallesu, ko Tudun Jukun. Mafi tsari a cikinsu su ne na ƙungiyoyin addini. Musulmi suna da MCAN, Kiristoci suna da NCCF, 'yan Katolika suna da tasu dabam. Ranar da aka rufe sansani, motocin ƙungiyoyin nan ne ke tsaye a bakin ƙofa suna kiran sunayen garuruwa, su kwashi sababbi su kai su masauki ba tare da sun tambayi ko sisi a daren farko ba. Iyayen da ke Abakaliki ko Ogbomosho, waɗanda suka kwana biyu ba su runtsa ba don an tura 'yarsu Arewa, yawanci kiran wayar da ke kwantar musu da hankali daga irin wannan gida yake fitowa.

A gidan MCAN akwai amir da amira, maza da mata kowa da ɓangarensa, ana sallah cikin jam'i, ana ɗan karatu bayan Asuba ko tsakanin Magariba da Lisha. A na NCCF shugabannin gida Papa da Mama ake ce musu, ko da shekarunsu ba su wuce ashirin da biyar ba, ana tashi addu'a da waƙe-waƙe tun da duhu, tukunya kuma ɗaya ce. Duk wanda ya san wahalar sauka a garin da ba ka da kowa zai gode wa ƙungiyoyin nan. Sai dai akwai abin dubawa. Shirin da aka kafa don ya cakuɗa 'yan ƙasa, tun a ƙofar sansani addini ke tace su, kowa ya bi motar nasa. Ba laifin ƙungiyoyin ba ne, su rami suka tarar suka cike. Kuma ko a cikin gidan addini ɗaya akwai cakuɗar da ba a raina ta: Bayaraben Ibadan da ɗan Auchi da Babarbaren Maiduguri a sahu ɗaya, kowa yana mamakin yadda ɗan'uwansa ke ɗaura zane ko sa yaji a miya. Amma gidan da ya fi koyar da mutum shi ne na karo-karo, inda mai tashi sallar Asuba da mai tashi addu'ar safe suke raba bokiti ɗaya.

Ranar gidan kofa da ruwa take farawa. Duk da matatar ruwa mai lita miliyan 150 a rana da aka ƙaddamar wa Zariya a 2017, gidaje da yawa har yanzu rijiya da 'yan garuwa suka dogara da su. Da damina abin da sauƙi, a tara na indararo. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuwa, rijiya ta ja baya, guga na dawowa da laka, kuɗin jarka ya hau. Banɗaki ɗaya, mutum takwas, kowa yana so ya isa makaranta kafin a buga ƙararrawa. A nan ake gane hali. Akwai mai tashi ƙarfe huɗu ya ja wa kowa, akwai mai jira sai an tara ya ɗiba ya ce zai mayar. Da hunturu kuma wata sabuwa: yaron Fatakwal da bai taɓa sanin sanyin da ke fasa leɓe ba yana tsugune gaban risho yana jiran ruwa ya yi ɗumi, ya shafe jikinsa da man kaɗanya, 'yan Arewan gidan suna yi masa dariya suna cewa ai sanyin bai ma sauka ba tukuna.

Kusan kowane gida akwai takarda manne a bango: wa zai yi shara, wa zai wanke banɗaki, wa ke da girki. Akwai ma'aji, yawanci mace, don an fi yarda da riƙonta. Kowane wata ana tara kuɗin wuta da na ruwa da na gas, a gidan da ake tukunya ɗaya har da na cefane. Rigimar gidan kofa ba ta cika zama ta ƙabila ko addini ba, duk da abin da mutum zai zata. Ta nama ce da aka ƙirga yanka takwas aka tarar da shida. Ta wanda ya kunna waƙa mutane na barci, da wanda ya cire wayar wani daga caji ya sa tasa cikin awa biyun da aka kawo wuta, da wanda baƙinsa ba sa ƙarewa. Sai in ba a kashe ƙaramar wutar nan da wuri ba ne take sa rigar ƙabila, a fara "ku dama haka kuke." Shi ya sa gidajen da suka daɗe suke da zaman mako, a faɗi abin da ke rai, a ci tarar wanda ya tsallake aikinsa, a wuce wurin. Yawancin mazauna gidan wannan ne karonsu na farko da za su yi wa kansu doka su kuma bi ta, babu uba, babu shugaban ɗakunan kwanan ɗalibai.

Tukunya ma makaranta ce. Wanda ya taso da teba da miyar agushi zai yi mako yana kallon miyar kuka da gefen ido, ran da aljihu ya yi ƙasa zai ɗanɗana, daga nan sai a gan shi da kwanonsa a layin mai tuwo. Awara da ɗanwake da garau-garau su suka riƙe 'yan hidima da yawa a makon ƙarshe na wata, kamar yadda suka riƙe ɗaliban Kongo. Ran da alawi ya shigo a tafi kasuwar Sabon Gari a nemo manja mai kyau da busasshen kifi da ganyen miyar gida, ranar nan duk layin zai ji ƙamshi. A ɗaya hannun, Bakanon da ke gidan zai koyi cewa ana cin wake da soyayyar ayaba, kuma ba ya kisa.

Alawin nan ya sha tafiya. Naira 19,800 ne daga 2011, ya koma 33,000 a Janairun 2020, aka amince da 77,000 a 2024 bayan an mai da mafi ƙarancin albashi 70,000, amma sai a Maris na 2025 aka fara biya. Wanda ya ji adadin zai ce an yi ƙoƙari, kuma an yi. Sai dai tsakanin ƙarin 2020 da na 2024 an cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. Kofa da ke zaune a Kongo aka tura shi aiki Samaru ko Shika, mota kaɗai ta isa ta cinye masa kaso mai tsoka. Ga kati da data, ga sabulu, ga ƙane a gida da ya ji yaya ya fara ɗaukar albashi. Don haka da yamma gidan kofa kan koma ƙaramar kasuwa: wannan na koyar da yaran maƙwabta lesin, wannan na sayar da data, waccan na kitso ko soya cincin ta kai shaguna, wani ya kafa tebur da na'urar POS a bakin titi. Wasu su shiga adashi, kowa ya ɗauki kwasarsa wata guda ya sayi abin da alawi ɗaya ba zai saya ba. Hukumar NYSC da kanta tun 2012 take da shirin koyar da sana'a, don ta san takardar digiri ba ta da tabbacin aiki.

Mafi yawansu aji ake tura su. Wanda ya karanta injiniya a ba shi lissafi da kimiyya, wanda ya karanta tattalin arziki a ba shi duk abin da ba shi da malami. Kaɗan ne cikinsu suka taɓa koyon yadda ake koyarwa. Ya shiga aji cike maƙil, yaran Turancinsu bai taka kara ya karya ba, shi kuma Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba. Ya yi bayani, a yi tsit. Ya tambaya ko an gane, a amsa da baki ɗaya cewa an gane. Mai wayo yakan nemi yaro ɗaya mai kaifin kai ya mai da shi tafinta, da dare kuma ya zauna da abokin ɗakinsa Bahaushe yana rubuta kalmomi a bayan littafi: tara, ɗebe, sau, raba, saura nawa. Wanda ya yi haka, kafin wata uku yara sun daina kiransa Kofa sun koma Malam. Wanda bai yi ba zai shekara yana cika allo da rubutu, yara suna kwafa kamar zanen lalle, ba su san abin da yake cewa ba.

A nan akwai wata gaskiya da ya kamata mu faɗa wa kanmu. A wasu makarantun, zuwan kofa hutu ne ga malamin dindindin: a sauke masa darussa, a koma inuwa. A wasu masu zaman kansu kuwa an mai da shi hanyar gudun ɗaukar ma'aikaci, tunda gwamnati ke biyansa, abin da za a ɗora masa a kai bai kai ya kawo ba. Su ma 'yan hidimar ba duka ne waliyyai ba. Akwai wanda ke shirya baki da wani a wurin aiki, ya koma garinsu, sai ƙarshen wata ya shigo motar dare ya dangwala yatsa ya juya. Irin wannan katifarsa kawai gidan kofa ya sani.

Rana ɗaya a mako ta aikin raya al'umma ce. A sa kaki a haɗu rukuni-rukuni: masu tsabtar muhalli, masu wayar da kai kan lafiya, masu kiyaye haɗurra, masu yaƙi da jahilci. Wani lokacin abin bai wuce kiran suna da karɓar tara ba. Wani lokacin kuma a yashe kwata kafin damina, a shiga makarantar 'yan mata a yi musu bayanin tsabta, likitoci da masu haɗa magunguna na cikinsu su duba mutane kyauta. Mai himma yakan ɗauki aikin kansa, ya bi masu hali da takarda yana roƙo har ya gyara rijiya ko ya sa wa aji benci. Bahaushe bai rasa sanin irin wannan ba, ai shi ke da gayya, shi ke da 'yan agaji a masallatai da wuraren taro. Abin da ke kashe yawancin ayyukan kofa shi ne a yi su ba da mutanen unguwa ba. In ba a zauna da mai unguwa da liman da matasan layi tun farko ba, ranar da mai aikin ya tafi aikin ya zama maraya, sai allon da ke ɗauke da sunansa da lambarsa ya rage yana tsatsa.

Zaman gidan da unguwa shi ma sai an koya. Saurayin da ya saba fitowa da gajeren wando ya zauna a ƙofar gida, ko budurwar da ta saba shiga kasuwa kai babu ɗankwali, ba rashin kunya suka nufa ba, a garinsu ba a ɗauke shi komai ba. Maza da mata a gida ɗaya ba aure, ga hira har dare, abu ne da dattijon Tudun Wada zai kalla sau biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda tsofaffin gidan ke nuna wa sababbi tun makon farko: a je a gai da mai unguwa, a rusuna a ce "ranka ya daɗe, baƙinka ne," a koyi cewa gaisuwa a nan ba a yin ta a tsaitsaye, kuma ba a kutsa kai gidan matan aure don an ga ƙofa a buɗe. Su ma maƙwabta akwai nasu. Gyara cikin raha ya fi tsegumi a majalisa. Tsohuwar da za ta leƙo ta ce, "'Yata, ya baƙunta? Zo ki karɓi mayafi, rana ta yi zafi," ta gama aikin da wa'azin awa guda ba zai yi ba.

Kuma ana yi. Da azumi kwanon kunu da ƙosai kan tsallaka katanga zuwa gidan kofa ba a tambayi wa ke azumi wa ba ya yi ba. Da Babbar Sallah su wayi gari da naman da ya fi ƙarfin tukunyarsu, da Kirsimeti shinkafa da kaza su bi hanyar da kunun ya biyo. Yaran layi su ja su zuwa cikin birni kallon hawan Sarkin Zazzau, su dawo wayoyinsu cike da hotunan dawaki suna aika wa gida. Sai dai in an ce kullum haka ake, an yi ƙarya. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, wanda hukumar zaɓe ta Farfesa Attahiru Jega ta dogara da 'yan hidima a rumfuna, an kashe goma daga cikinsu a Jihar Bauchi, Zariya ma ba ta tsira daga tarzomar lokacin ba. Tun daga nan iyaye da yawa a Kudu, da sun ga sunan jihar Arewa a takarda, sai su fara neman hanyar sauyi, ta dalilin aure, ko rashin lafiya, ko tsaro, ko sanayya. Duk wanda ya iso Kongo ya zauna, to ya tsallake roƙon uwa da gargaɗin kawu kafin ya zo. A ranar tashin hankali kuwa ba kaki ke tsare shi ba, ba lambar wayar ofis ba. Maƙwabcin da ya san sunansa ne zai buɗe masa ƙofa.

Ciwo ma haka. Zazzaɓin cizon sauro da taifot su ne 'yan gida, musamman da damina. Wanda ya kwanta, abokan zamansa ne iyayensa: su za su ɗauke shi a Keke zuwa asibiti, su tara kuɗin allura, su dama masa koko, su ɓoye wa mahaifiyarsa tsananin abin a waya har ya ji sauƙi. Zumuncin da ake ƙullawa a irin wannan dare yakan daɗe. Akwai mutanen da suka haura hamsin yau, ɗaya a Enugu ɗaya a Katsina, da ba sa rasa bikin 'ya'yan juna, in ka bi salsala ɗaki ɗaya suka raba shekarar hidima. Akwai kuma auren da aka ƙulla daga nan, wanda hukumar ma take alfahari da shi.

Me zai hana a ɗauki maganar masaukin nan da muhimmanci? Ba abu ne mai wuyar gaske ba. Ƙaramar hukumar da ke karɓar ɗaruruwan matasa masu digiri kowace shekara, ba ita ke biyansu albashi ba, gina musu gida mai ɗakuna goma da rijiyar burtsatse bai fi ƙarfinta ba, wasu ƙananan hukumomi a ƙasar nan sun yi. Ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya kama ɗaki biyu kusa da makaranta da sunan makarantar, ya zama duk wanda aka turo ya tarar. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana, ga ƙofa a buɗe: gidan da zai saukar da malaman 'ya'yan talakawa shekara bayan shekara. Ko mai gidan haya ya yarda a biya shi wata-wata maimakon shekara dunƙule, ya rage wa baƙon nan rabin damuwarsa. Majalisar tarayya kuma ta duba naira 250 ɗin nan da ta shekara talatin da ɗoriya a cikin doka.

In wa'adi ya cika, gidan kan hargitse mako guda. Ana bin sa hannun shugaban makaranta da na jami'in hukumar a ƙaramar hukuma, wanda ya yi fashin aiki yana fargabar a ƙara masa watanni. Katifa da risho da bokiti da labule a sayar wa sabon rukuni da rahusa, ko a bar musu kyauta. Akwai katifar da ta yi hidimar ƙasa fiye da sau biyar. Kaɗan sukan zauna, wanda makaranta ta riƙe, ko wanda sana'arsa ta kama, ko mai neman digiri na biyu a jami'a. Saura su nufi tasha. Ranar fitarsu kuwa ba ta bin kalandar makaranta: sau da yawa a tsakiyar zango take faɗowa, ajin da kofa ke koyar wa lissafi ya zauna ba malami, shugaban makaranta ya sake rubuta takarda yana roƙon a turo masa wani a rukuni na gaba, a wurin da aka tambayi ko akwai masauki ya rubuta babu.